Ƙwayoyin da Aka Gani a Jakar Bara'atu

Mas'udu bai ma gama cire takalmi ba mahaifiyarsa Hajiya ta cilla masa wani ɗan kwali a kan tabarma. Ƙanwarsa Hassana na raɓe a bakin ƙofar kicin, baki na motsi, labari na cinta.

"Ɗauka ka karanta, tunda kai ka yi boko!" in ji Hajiya.

Ya ɗauka. Ƙwayoyi ne ƙanana a jere, an ɓalle fiye da rabi. Ko bai taɓa riƙewa ba, ya san maganin hana ɗaukar ciki ne.

"Hajiya, na wa ne?"

"Na amaryarka! Sun tai wurin tela da Hassana, jakarta ta faɗi, abin ya zubo. Budurwa, Mas'udu! Saura wata biyu ɗaurin aure, mi take da wanga abu? Gobe in Allah ya kai mu zan aika Tsafe, kawunka Abdullahi ya tai Bungudu ya amso muna lefenmu."

Hassana ta saka baki, "Wallahi Yaya ni da ma na lura, kullum sai ta ce ta je asibiti..."

Ya daka mata tsawa ta yi ɗif. Amma maganar ta riga ta shiga. Asibiti! Sau uku ke nan yana kiran Bara'atu ta ce tana Gusau wurin likita, in ya tambayi abin da ke damunta sai ta yi dariya ta ce ciwon mata ne. Shekara biyu yana sonta, ko hannunta bai taɓa riƙewa ba. To wane ne? Zuciya ba ta da kirki in ta fara zargi. Nan da nan ta jero masa mai kemis na layinsu, da malamin da ya koyar da ita a kwaleji, har da ɗan ƙanen babanta da ke rako ta tasha. Ya roƙi Hajiya ta ba shi kwana ɗaya, ya hau babur ya nufi Bungudu ransa a dagule.

A zaure Bara'atu ta same shi da murmushinta, ta ajiye masa ruwa. Bai sha ba. Kwalin kawai ya miƙa mata.

Ta dube shi, ta dubi kwalin, murmushin ya ɓace.

"Nawa ne," ta ce a hankali.

"Ba ki ma musu?"

"In yi musun mi? Na ƙurajen fuskata ne. Likita ta ba ni, Inna ma ta sani, da ita munka je."

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ƙuraje? Haba Bara'atu! Ni za ki maida yaro? In za ki yi ƙarya ki yi wadda za ta zauna mana."

Hawaye suka zubo mata. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne yadda yake kallonta kamar yau ya fara ganinta. Ta share fuska da gefen hijabi.

"Ba zan rantse maka ba. Gobe ka taho da Hajiya asibitin da ke Sabon Gari. In na yi ƙarya, ku kwashe kayanku."

Washegari Hajiya ta zo tana cin magani, ko gaisuwar Bara'atu ba ta amsa ba. Likitar, Dakta Lidiya, sai da ta tambayi Bara'atu har sau biyu ko ta yarda a buɗe fayil ɗinta gaban mutane. Ta ɗaga kai.

"Wata huɗu da suka wuce ta zo min," in ji likitar. "Ƙurajen ba su yi tsanani ba, amma sun wuce na shafa mai kawai, sun fara barin tabo. Na ce mata maganin sha kala uku ne a gabanmu. Na farko doksisaikilin, mai kashe ƙwayar cuta. Ta sha wata guda, ya riƙa tayar mata da zuciya, rana kuma na ƙona mata fata. Shi da ma ba a daɗewa a kansa, mai ciki ma ba ta sha."

Hajiya ta taɓe baki. "To sai anka rasa abin ba ta sai na hana haihuwa?"

"Hajiya, ƙurajenta na tasowa ne daidai lokacin al'adarta. Wannan ƙwayar tana daidaita abin da ke tayar da su. Na auna jininta, na tabbatar ba ta ciwon ɓarin kai, sannan na rubuta. Aikinsa a hankali ne, sai an yi kamar wata uku. Ranar da ta bari kuma, haihuwa na nan yadda Allah ya tsara."

"Na ukun fa?" Mas'udu ya tambaya, murya ta fara sanyi.

"Shi ne mafi ƙarfi, an fi ba masu tsananin ƙuraje. Amma in ciki ya shiga ana shansa, ko ba a daɗe da bari ba, yana iya nakasa jariri. Ina faɗa mata ta ce in ajiye shi. Ta ce aure za ta yi, gara ta shiga ɗaki da ƙurajenta da ta cuci jikan Hajiya."

Hajiya ta juyo, muryarta ta sauka. "Ke kuwa ɗiyata, wa ya matsa miki kan 'yan ƙurajen ga?"

Bara'atu ta sunkuyar da kai. "Ranar da anka kawo lefe, Hajiya. Ina bayan labule na ji kin ce yarinya kam da hankali, sai dai fuskar kamar an watsa mata gero."

Hajiya ta dafe ƙirji. Ita har ta manta ta faɗa! Sai ga hawaye, ta jawo yarinyar jikinta tana cewa, "Ki yafe mini, ni na jawo, ni kuma na zarge ki!"

Mas'udu kuwa kunya ta hana shi ɗaga ido. A bakin asibiti ya tsaya gabanta yana murza makullin babur. "Bara'atu, sori... don Allah."

"Hajiya ba ta san ni ba, ita na yi mata uzuri," ta ce. "Kai fa? Shekara biyu!"

Sai da ya yi mako uku yana zarya Bungudu kafin ta sake yi masa dariya, kuma ya ci wannan horon. Hassana ma da ƙafarta ta je ta ba da haƙuri. An ɗaura aure a ranar da aka sa, amarya na da sauran ƙuraje biyu a haɓa, Hajiya da kanta ta hana mai kwalliya ta rufe su.

Zargi yana da saurin shiga, yana da wuyar fita. Wanda ya ga abin da bai gane ba a hannun masoyinsa, ya tambaya da kyakkyawar zuciya kafin ya yanke hukunci. Manya kuma su kula da harshensu, domin kalma ɗaya da aka faɗa cikin raha ta kusa raba Mas'udu da matar da ta fara kare ɗansa tun ba ta shiga gidansa ba.