Yarinyar da Ba a Faɗi Sunanta Ba

Sufeto Mainasara na karyawa Nu'uman ya faɗo caji ofis ɗin Daura, ko hula babu.

"Yallaɓai, an ɗauke mini memori a shago. Fim ɗina ne a ciki, kuma ba ni da wani kwafi."

Gari duk ya san fim ɗin da ake jira: jarumi mai tashi sama, mai ɗaga tirela da hannu ɗaya. Ba wanda ya gani tukuna. Amma tun jiya ake yaɗa cewa matar jarumin za ta mutu wajen haihuwa.

"Haka labarin yake?" in ji Sufeto.

"Haka yake. Bara matata Raihana ta rasu. Sunanta na sa wa jarumar, muryarta ce a waƙar ƙarshe. Ita kaɗai ta rage mini."

Sufeto ya bi jita-jitar har teburin Kalilu mai shayi.

"Wa ya ba ka labarin?"

"A motar Zango na tsinta, yallaɓai."

"Kai da ko Juma'a ba ka barin tukunyar nan? Yaya sunan jarumar?"

Kalilu ya sosa ƙeya. "Ai ba ta da suna. Yarinyar kawai ake ce mata."

"Wa ya ce mata haka?"

"Dattijo ne, yallaɓai. Ba zan tona shi ba."

Sufeto ya kira Nu'uman a waya. "Ana faɗin sunanta a fim ɗin?"

"Daga farko har ƙarshe."

"Marigayiyar 'yar fari ce?"

Nu'uman ya ce, "Ƙwarai."

Sufeto ya ɗauki Nu'uman a mota, suka tarar da Malam Sada, mahaifin Raihana, yana ba tumaki harawa a ƙofar gida. Nu'uman ya durƙusa can nesa.

Sufeto ya ce, "Baba, ka je shagon surukinka makon nan?"

"Me zai kai ni?"

"Wa ka rasa bara?"

"Yarinyar."

"Wanda ya kalli fim ɗin ya ji suna, amma bakinsa ya ƙi faɗa. In dattijo ne, uba ne kaɗai ke wa 'yar fari wannan kunya."

Tsohon ya ajiye harawar. Ya laluba aljihu, ya fito da waya, memorin na cikinta.

"Cewa aka yi ya sa ta a fim tana rawa. Na je gaishe shi, na ɗauke don in ƙone. Na ce bari dai in gani." Ya miƙa wa Sufeto wayar. "Ba rawa, ba komai. Mutum ne ya gagari kowa, ya kasa hana ajali. Ya tsaya a makabarta yana ta kiran sunanta. Ni da na haife ta ban taɓa kira ba. Na kasa riƙewa, na faɗa wa Kalilu."

Ya juya wajen Nu'uman. "Na ɗauki abin da ba nawa ba. Amma na gode. Allah ya yi maka albarka."

"Na janye ƙara, yallaɓai," in ji Nu'uman, yana share ido.

"A ofis za ka janye. Baba, mu je."

Nu'uman ya gyara wa tsohon takalmi. A bakin mota Malam Sada ya tsaya, ya ce a hankali, "Allah ya jiƙan Raihana."

Sufeto ya buɗe masa ƙofar gaba, ya yi kamar bai ji ba.