Sanarwa Ta Uku

"Ni ina da magana!"

Briskila ta ji muryar daga bayanta kamar an watsa mata ruwan ƙanƙara. Yau Lahadi ta uku ke nan ana sanar da aurenta da Irmiya a majami'arsu ta Gashua, tambayar da Fasto Zarami ya yi kuwa ta al'ada ce kawai: ko akwai wanda ya san dalilin da zai hana wannan aure? Tun tasowarta ba ta taɓa ganin an amsa ba.

Ta waiga.

Keziya ce tsaye, ƙawarta tun makarantar Lahadi, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baba Fasto, ku gafarce ni... Ubangiji ya nuna mini cikin mafarki. Irmiya mijina ne!"

Majami'a ta kaure da hayaniya. Irmiya, wanda bai daɗe da gama makarantar Baibul ba, ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa.

A nan ba a wasa da "Ubangiji ya nuna mini." Nan take dattawa suka dakatar da sanarwa, suka ce kowa ya je ya yi azumi da addu'a.

"Na gode wa Allah!" in ji Mama, tun ba su gama shiga gida ba. "Dama ni ban ga abin da kika gani a jikin yaron nan ba. Mai bishara! Takalmi ɗaya, kwat ɗaya!"

"Mama, an ce babbar majami'ar Damaturu za a tura shi..."

"An ce! Ke fa malamar asibiti ce, Briskila. Tunda Allah ya yi magana, ki sakar masa abinsa."

Washegari ta koma bakin aikinta a Nguru, kanta kamar ba nata ba.

Ta yi azumin. Ta yi addu'ar. Shiru.

In Keziya ƙarya take yi, me ya sa ta yi irin wannan kukan? In gaskiya ce, me ya sa Ubangiji ya bi ta kan Keziya, ita bai ce mata ko uffan ba? Ko dai son da take wa Irmiya ne ya toshe mata kunne? Ta tuna sau nawa ta rera a gaban jama'a cewa ta ba Yesu kome nata. Ashe kome ɗin har da Irmiya?

Ta durƙusa a ɗakinta da tsakar rana.

"Uba, ban gane ba... wallahi ban gane ba. Amma in kokawa nake yi da kai, na saki."

Ta kira shi, ta ce, "Na haƙura, Irmiya," ta kashe wayar gaba ɗaya.

Ba a yi sati ba ta fito daga aiki ta gan shi a gindin darbejiya, duk ya faɗa.

"Masoyiyata..."

"Kar ka kira ni haka. Na bar wa Allah."

"Kin bar wa Allah ko kin bar wa Keziya?"

"Kar ka ƙara rikita ni, don girman Allah!"

"To zauna ki ji. Jiya dattawa suka kira ni, ni da ita. Baba Fasto ya ce tunda ita ce matar da aka nuna, gara ta san inda za ta zauna. Ya faɗa mata inda aka tura ni. Wani ƙauye ne gaba da Dagona. Ba wuta, ba sabis, da damina sai kwalekwale."

"Sai ta ce me?"

Irmiya ya maƙale murya yana kwaikwayon Keziya. "Baba Fasto... yanzu da na sake tunani, mutumin cikin mafarkin kamar ya fi shi tsayi..."

Dariya ta ƙwace wa Briskila har da hawaye. Can kuma ta tsaya cak.

"Tsaya... ina ka ce an tura ka?"

"Gaba da Dagona."

"Damaturun fa?"

"Jita-jita ce. Ni ma sai satin nan na ji tabbas."

Ta zauna a kan benci. Ita ma ai Damaturun ta gani. Har labulen falo ta zaɓa a ranta, har ta ga kanta a kujerar gaba ana ce mata Maman Majami'a. Ta ɗauka ta gama miƙa wa Allah abu mafi tsada, ga shi ya mayar mata da shi, ya miƙo hannu yana neman wani.

"Ba zan tilasta miki ba," in ji Irmiya a hankali. "In ba za ki iya ba, ki faɗa mini yanzu, ba zan riƙe ki a zuciya ba."

"Kai Ubangiji ya nuna maka ne? Mafarki? Murya?"

"Ko ɗaya."

"To ta yaya ka san nufinsa ne?"

"Ban sani ba kamar yadda kike so in sani, Briskila. Akwai mutane can, sun roƙa a aiko musu wani, kowa ya ƙi. Da aka tambaye ni na buɗe baki zan ƙi, sai na kasa."

Ta ɗago ta dube shi.

"Ni ma so nake in ƙi," ta ce. "Ina ta neman bakin da zan faɗa..."

"Ki faɗa, zan jure."

"Na kasa, Irmiya! Na kasa!"

Aka ƙarasa sanarwa, ba wanda ya yi ko tari. Mama ta yi faɗa, ta yi kuka, ta rantse ba za ta je biki ba, ranar kuma ita ce gaba wajen rawa da matan zumunta.

Damina ta riga ta sauka sa'ad da suka tare. A bakin ruwa akori-kura ta sauke su, aka loda akwatuna cikin kwalekwale. Briskila ta sa ƙafa ɗaya, abin ya yi tangaɗi, ta ƙanƙame hannun mijinta.

"Kina jin tsoro, amaryata?"

"Ƙwarai da gaske."

"Har yanzu ba ki gane ba ko?"

"Ko kaɗan." Ta runtse ido ta sa ɗaya ƙafar, ta zauna daram a kan buhun gero. "Malam mai jirgi, tuƙa mu je kafin in buɗe ido!"