Tulunan Inna Furera

Da hantsi wata tsohuwa ta shigo komisariyar 'yan sanda ta Tasawa tana lalube da sanda. Sunanta Furera, daga ƙauyen Kona. An sace mata tulunan tangaran biyu.

"Farare ne, da furanni shuɗɗa, zanen hannu," ta ce wa Insifekta Lurwanu. "Kakana ya zo da su daga Gabas. Wani dillali a Maraɗi zai saya, a yi mini aikin ido. Likita ya ce in na wuce damina, shi ke nan."

"Me ke cikinsu?"

"Irin gero. Na cuɗa shi da toka saboda ƙwari, na liƙe bakin da laka."

Lurwanu ya je Kona. Ba a ɓalle ƙofar ɗakinta ba. Sauran kwanukan jere suna nan, ba a taɓa ko ɗaya ba.

"Wa ke shiga ɗakin nan?"

"Sai Ilyasu, ɗan ƙanena. Shi ke ɗebo mini ruwa."

Maƙwabta suka ce Ilyasu ya cinye irinsa tun da bazara, shi da 'ya'yansa. Amma da ruwan farko ya sauka, an gan shi yana shuka.

Lurwanu ya same shi a gona.

"Ina ka samu iri?"

"Kasuwar Urafan, Insifekta."

"Wurin wa?"

"Wani mutum. Ban san sunansa ba."

Lurwanu ya ɗauki ƙwaryar shukar da ke gindin gawo, ya shafa cikinta. Yatsansa ya fito da toka, da ɗan ɓallin tangaran mai rabin fure.

"Wannan ma a Urafan ka saya?"

Ilyasu ya zauna a ƙasa.

"Ruwa ya sauka, kowa ya fita, ni ba ni da ko ƙwaya. Lakar ta ƙi ɓamɓaruwa. Na sa dutse."

"Duka biyun?"

"Duka. Wallahi ban san za ta sayar ba. Na ɗauka tukwane ne kawai."

Aka biyo da shi ta ƙofar gidan Furera, hannunsa da ankwa. Lurwanu ya sa ɓallin a tafin tsohuwar. Ta daɗe tana murza shi.

"Ilyasu," ta ce, tana fuskantar inda ba ya tsaye. "Geron ya tsiro?"

"Gwaggo, ruwa bai sake zuwa ba. Ya ƙone a ƙasa."

Ta juya, ta nemi bango da hannu, ta shige.