Gwiwar Sarki Ashafa

A shekara ta tara da hawan Ashafa na Ringim kan sarautar filin kokawa na Bompai, lokacin kaka, bayan ma'aikata sun dawo daga ƙauyukansu da ɗan geron da Allah ya ba su, aka yi wata shawara wadda ta girgiza unguwannin masana'antu uku na Kano. Zamanin mulkin farar hula ne na biyu, kamfanoni sun fara sallamar mutane. Kada mai karatu ya ji an ce sarauta ya yi murmushi. Filin nan da ke bayan tsofaffin rumbunan gyaɗa yana da Sarki, yana da Waziri da Madaki da Galadima, kuma zumuncin da aka ɓata a kan rawaninsa ya fi wanda ake ɓatawa a kan gonar gado. Mutanen Sharada da na Challawa kowa da filinsa, amma duk Lahadi da la'asar nan suke kawo caffa.

Sarkin Kiɗan wannan fada shi ne Labaran, majemi a wani kamfanin fata a Challawa, mutum siriri marar yawan magana. A al'adar filin Bompai ganga ce alƙali. Makaɗi yana tsugune a bakin da'ira, idonsa a ƙasa, kuma duk wanda gwiwarsa ko hannunsa ko bayansa ya taɓa ƙasa, sai ganga ta buga kiɗan kaye kafin a ce ya faɗi. In ba ta buga ba, ko mutum dubu sun gani, ba a yi kaye ba. Makaɗin da aka tabbatar ya yi ƙarya da gangarsa kuwa, kife ta yake yi a tsakiyar fili, ba ya ƙara ɗaukar gula har ya mutu. Tun da aka kafa filin ba a taɓa kife ganga ba.

Akwatin talabijin ne ya ta da maganar. An kafa shi a ɗakin cin abinci na wata masaƙa, samari suka riƙa cika wurin suna kallon kokawar Turawa, ta ƙartin nan masu ɗan kamfai da ake biya su yi ta jifan juna a cikin igiyoyi. Kafin a jima sun fara jera gwanaye. Wannan ya ce mai rufe fuskar nan ya fi kowa, wancan ya ce ina, ai ƙaton nan mai gemu ko bijimi ya kama sai ya kwantar da shi. Dattawa suka ji haushi, su ma suka buɗe nasu jerin. 'Yan Bompai suka kawo Dogo Na-Mairama, wanda yake ɗaukar buhun gyaɗa biyu a hammata. 'Yan Challawa, da yake yawancinsu daga arewa suka gangaro, suka ce wanda bai ga Ɗan Fanna na Damagaram ba bai ga kokawa ba, labarinta ya ji. Gardama ta bi mutane har bakin inji, har wani fomin, shugaban ma'aikata, ya hana ambaton kokawa a lokacin aiki. Shi Labaran kuwa, abin da ya ce sau ɗaya kawai shi ne, mutumin da zai faɗi sau goma ya tashi a ce shi ya ci, wannan ba ɗan kokawa ba ne, ɗan wasa ne.

Da Waziri Alhassan ya ga fili yana raguwa, samari sun fi sanin sunayen baƙi fiye da na iyayensu, sai ya kawo shawara a rubuta gwaraza goma na masana'antu da fenti a bangon rumbu, daga na ɗaya zuwa na goma, a huta da gardama. Fada ta amince. Aka ce Sarkin Kiɗa ne zai jero su, tunda taken kowa yana hannunsa, mai fenti yana bin bakinsa. Babu wanda ya tambayi wane ne na ɗaya, domin kirarin Sarki Ashafa ma ya isa amsa: namijin da gwiwarsa ba ta san ƙasa ba. Labaran ya koma gida ranar nan, tuwo ya ƙi shiga bakinsa.

Ga abin da ya hana shi ci. A shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, tsohon Sarkin Fili ya rasu bai bar magaji ba. Manya suka kasa daidaitawa, sai aka ce a bar ƙasa ta zaɓa tsakanin mutum biyu: Ashafa, ɗan dako a rumbun gyaɗa, da Ayuba mutumin Kagoro, Kirista, mai kula da tukunyar tururi a wata masana'antar Sharada. Suka sarƙe tun bayan la'asar har rana ta yi ja, ba wanda ya gusa. Can Ayuba ya sa masa taɗiya. Gwiwar Ashafa ta hagu ta dangwali ƙasa, kamar ƙiftawar ido, daidai gaban Labaran, jikin mutanen biyu ya kare sauran jama'a. Labaran ya ɗaga gula, bai sauke ta ba. Ashafa ya zabura, ya sunkuci Ayuba ya maka shi da ƙasa, sannan ganga ta yi magana.

Ba sai an nemi dalili da nisa ba. Ashafa yayan Zuwaira ne, matar Labaran, shi ya ɗauko Labaran daga Ringim ba shi da ko tabarma, shi ya samo masa aikin jima. Mutum ɗaya ne daga Sharada, wani Ado mai gadin ƙofa, ya rantse ya hango gwiwa a ƙasa. Aka kore shi daga fili, aka laƙaba masa suna Ado Mai-ganin-gwiwa, har 'ya'yansa da sunan ake tsokanarsu. Ayuba bai ce uffan ba, ya kakkaɓe jikinsa, bai ƙara ɗaura walki ba. Shi kuwa Labaran, duk Lahadi da hannunsa yake buga taken gwiwar da ba ta san ƙasa ba, shekara tara. Yakan lallashi kansa da cewa magana muddin tana baki ana iya gyara ta wata rana. Yanzu ga shi za ta hau bango.

Ya gaya wa Zuwaira abin da ya ƙudurta, cewa zai faɗi gaskiya a gaban fada. Ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, abin da ya riƙe shekara tara me zai hana ya tafi da shi kabari. Ta tuna masa cewa ba ganga kaɗai zai rasa ba, ita ma zai raba ta da ɗan'uwanta ɗaya tilo a birnin nan. Ya ce ya sani, kuma kabarin da ta ambata shi ne abin da yake tsoro. Ta yi kuka, ta ce tana jin haushinsa, kuma ba ta san ko don zai faɗa ba ne ko don bai faɗa ba tun farko.

Ranar Asabar da aka tashi daga aiki ya hau kekensa ya nufi Sharada. Ya tarar da Ayuba yana ɗaure kaya, domin yana cikin waɗanda aka sallama, kuma ran Litinin zai koma Kagoro da iyalinsa. Furfura ta cinye kansa, amma wuyan nan yana nan yadda yake. Ya shimfiɗa wa baƙonsa buhu, matarsa ta kawo ruwa. Labaran ya fara kewaye-kewaye, sai Ayuba ya tare shi.

"Sarkin Kiɗa, na san ka gani. Na ga hannunka a sama."

"To me ya hana ka magana?"

"Ganga ce alƙali. Na shiga fili a kan haka."

Labaran ya ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba, har ya kasa shan ruwan. Ya roƙe shi ya zo fili gobe. Ayuba ya ce shi ba shi da shari'a da kowa, ya bar wannan magana tun tuni, amma in ya fito daga coci da wuri zai leƙo ya yi sallama da mutane.

Rana ba ta ƙarya. Lahadi fili ya cika irin cikar da aka daɗe ba a gani ba, har samarin talabijin sun zo su ji inda za a sa nasu, aka ce musu bangon ba na baƙi ba ne. Sarki Ashafa yana kan kujerarsa, Waziri a damansa, Madaki da Galadima a hagu, mai fenti yana kan tsani. Aka fara daga na goma ana hawa. Kowane suna Labaran ya faɗa sai ya buga takensa, masoyansa su yi guɗa, waɗanda suke ganin an ƙasƙantar da nasu su yi gunaguni. Da aka sa Ɗan Fanna a na huɗu, ƙasa da Na-Mairama, saura kaɗan 'yan Challawa su tashi su tafi. Aka zo na biyu, kowa yana jiran ya ji Ayuba. Labaran ya ajiye gula, ya matsa gaban Sarki ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, na biyu ku ne."

A durƙushe ya ba da labarin duka, bai rage ba, bai kuma nemi uzuri ba. Waziri Alhassan ya miƙe ya ce tsufa ne ya fara taɓa Sarkin Kiɗa. Da ya ga ba wanda ya yi dariya, ya juya ya ce ko da an yi, ai dangwalar gwiwa ba faɗuwa ba ce, ga shi Turawa ma sai an danne mutum an ƙirga masa uku. Wani tsoho daga cikin jama'a ya tambaye shi ko a ƙasar Turawa aka naɗa shi Waziri. Madaki ya nemi a kori Labaran kamar yadda aka kori Ado. Sarki ya ɗaga hannu, kowa ya zauna. Ya dubi mijin ƙanwarsa, ya yi masa tambaya ɗaya.

"Wace gwiwa?"

"Ta hagu, ranka ya daɗe."

Ashafa ya ce, "Ta hagu ce." Ya tashi ya cire rawaninsa ya miƙa wa Galadima, ya taka zuwa tsakiyar fili, ya sa a kira masa Ayuba, wanda yake tsaye can baya da rigarsa ta coci. Da ya iso, Ashafa ya sauke gwiwarsa ta hagu a ƙasa a gaban kowa, ya waiwayi Labaran ya ce ya buga. Labaran ya buga kiɗan kaye. Ayuba ya yi abin da mai nasara yake yi, ya kama hannun abokin karawarsa ya ɗaga shi, hawaye yana bin fuskarsa. Aka nemi Ado a cikin taro ba a same shi ba, domin tun ranar da aka kore shi bai ƙara taka Bompai ba.

Labaran ya ɗauki gangarsa ya kife ta a inda gwiwar ta sauka, ya ɗora gula a kai. Yana juyawa zai fita sai Ashafa ya tare shi. Labaran ya zaci zagi zai sha, ya ce, "Yaya, ku yafe mini na yau."

"Na yau ba laifi ba ne," in ji Ashafa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Da ka buga a ranar, da na faɗi sau ɗaya na tashi kamar kowane namiji. Kai ka ɗora ni a kan ƙarya, ka bar ni shekara tara ina jin take ina sunkuyar da kai a cikina. Wannan ne ba zan yafe ba."

Abin da masu ba da tarihin filin suka riƙe shi ne, an rubuta Ayuba na Kagoro a na ɗaya, Ashafa na Ringim a na biyu. An miƙa wa Ayuba rawani ya ƙi karɓa, ya ce motarsa ta gobe ce, don haka fada ta mayar wa Ashafa, ya ƙara shekara biyar a kai, kuma an ce mutane sun fi girmama shi a waɗannan biyar ɗin. Gardamar da aka so a kashe ba ta mutu ba. Har yau akwai tsofaffin ma'aikata da suke cewa wanda ya durƙusa da kansa a gaban dubu ya fi wanda ya sa taɗiya, su kuma 'yan Challawa suna nan a kan Ɗan Fanna.

Mulki ba ya tsayuwa da ƙarfin mai shi kaɗai, da shirun na kusa da shi yake tsayuwa, kuma sau da yawa mai shirun yana zaton alheri yake yi. Allah ne yake ba da sarauta ya karɓe, amma abin da mutum ya ɗora wa ɗan'uwansa da sunan ƙauna, shi zai amsa. Ashafa ya ci gaba da zuwa gidan ƙanwarsa duk sallah, yakan tsaya a zaure ta fito su gaisa, ya ba 'ya'yanta goron sallah ya tafi. Labaran yakan zauna a ɗaki yana jin muryarsa ta bayan bango, yana sauraron ko za a ce a kira shi. Har Ashafa ya koma ga Mahaliccinsa ba a ce ba.