Taurin Baba da Koren Zare

Da faɗa suka fara. Tana ɗakin na'urar hangen ƙwayoyin halitta, ta kashe wuta, tana ɗaukar hoton aktin, wato siraran zarurrukan da ƙwaya ke ɗamewa da su ta ja abin da take kwance a kai. Sai wani ya banko ƙofa. Tebur ya girgiza, hoton da ta yini tana jira ya dame.

"Malam, giwa ce ta rene ka?" ta ce, ko juyowa ba ta yi ba.

"A yi haƙuri, sabon zuwa ne. Ni ke haɗa jeli, wato daskararren ruwan nan mai laushi da ake shimfiɗa ƙwayoyin a kai."

Ta juyo da niyyar ƙara masa, sai ta ga ya cire takalma ya riƙe a hannu yana sanɗa. Dariya ta ƙwace mata. Daga ranar ya zama Giwa, ita kuma yake ce mata Fitila, saboda hasken hotunanta a cikin duhun ɗakin.

Aiki ya haɗa kansu. Shi yakan zuba ƙananan ɗigo masu haske cikin jeli, in ƙwaya ta ja sai su gusa, ya auna ƙarfinta. Ita kuma ta ɗauki hoton zaren da ya yi jan. Kan a ce me, saƙonni sun fara zarya.

"Fitilata, yau ƙwayoyinki sun ja ɗigona sosai. Halin mai su suka ɗauko, haka kika ja ni."

"To auna ka faɗa min, Giwa."

"Ma'aunina bai kai ba."

Matsalar tana gida. Babanta ya tsufa yana ɗaure rodi a gine-gine, kuma ba ya ganin mutum da gashi sai ya ga kanta a hannunsa. Ranar da Giwa ya je gaishe shi, Baba ya juya tafin hannun saurayin ya taɓe baki.

"Wannan ko buhu bai taɓa ɗauka ba. Da me za ka riƙe min 'ya? Ɗan abokina mai manyan motoci ya fi kwanta min a rai."

Fitila ta yi kuka har idonta ya kumbura. Giwa kuwa bai fasa zuwa ba. Baba ya shanya shi a bakin ƙofa, ya amsa gaisuwarsa a daƙile, amma mako na zagayowa sai ga shi.

"Ka daina zuwa, ba na son ana wulaƙanta min kai," ta rubuta masa.

"In na daina, Baba ya yi gaskiya ke nan."

Ranar da aka buɗe ɗakin binciken ga iyalan ma'aikata, da ƙyar Mama ta lallaɓo Baba. Fitila ta haska masa hotuna biyu. A ɗaya ƙwaya ta yi lakwas, zarenta a watse. A ɗayan koren zare ya yi kauri, ya miƙe sambal kamar rodin da aka ɗaure da kyau.

Baba ya matso. "Wannan wa ya ɗaure mata?"

"Ita da kanta, Baba. In shimfiɗarta ta yi laushi, ba ta damuwa. In ta ji tauri, sai ta tara zarenta ta ja da ƙarfi."

"Ke kika ɗauki wannan? Ke ɗin nan?"

"Ni ce. Shi kuma ya auna ƙarfin," ta ce tana nuna Giwa da ke tsaye a gefe.

Baba ya cire tabarau ya goge ido, alfahari ya cika shi har ya kasa ɓoyewa. Sai ya juya wajen Giwa.

"Na yi maka tauri, yaro, kuma ka ja. Je ka zo da iyayenka."

Ranar auren, hoton koren zaren nan na rataye a falon Baba, kuma duk baƙon da ya shigo sai an kai shi gabansa kafin a ba shi kujera.

"'Yata ce ta ɗauka, surukina ya auna," yake faɗa yana bugun ƙirji.

Da za su tafi, ya haɗa hannuwansu cikin nasa masu kanta.

"Allah ya yi muku albarka. In rayuwa ta yi tauri, ku ja tare."