Lambar da Malam Ɗayyabu Ya Rubuta

A kasuwar Gwiwa Musaddiƙ ya fara ganin Bahijja. Ya ɗauko ta a babur zuwa Roni, ya wuce kwanar gidansu har sau biyu, wai mantuwa.

Mahaifinta, Malam Ɗayyabu, tsohon malamin lissafi ne, kuma sam bai yi na'am da ɗan acaɓan da ya bar makaranta a aji uku ba. Sai dai da Musaddiƙ ya zo neman aurenta, bai ce a'a ba. Ya yagi takarda ya rubuta 1,022,117.

"Kafin a yanke gero, ka gaya mini ko akwai lambar da ke raba wannan ba ragowa, ban da ɗaya da ita kanta. Da hannu, a zauren nan, ba waya. In ka kasa, kada in sake ganin ka."

Bahijja ta turo saƙo: "Masoyina, ƙarshenta bakwai ne, biyu da biyar ba za su shiga ba. Ka gwada lambobin da su ma ba sa rabuwa kaɗai. Ko in nemo maka amsar?"

"A'a, sahibata. Ba zan same ki da ƙarya ba."

Kullum bayan la'asar yana zaure. Uku, ragowa. Bakwai, ragowa. Casa'in da bakwai, ragowa. Gero ya yi kai, ya nuna, shi kuwa bawan Allah sai ramewa yake. Abokai suka mai da shi abin dariya, shi kansa ya fitar da rai.

Da ya kai 997, ta ƙarshe cikin marasa rabuwa kafin dubu, ya ajiye fensir. A ganinsa dubu ce iyaka.

"Baba, ba ta rabuwa."

"Ka faɗi," in ji Malam. "Kuma gobe za a shiga gona."

Daga bayan ƙyaure aka ji shesshekar Bahijja. Zuciyar Musaddiƙ ta karye. Ya kai bakin ƙofa, sai ya dawo ya durƙusa.

"Na san na rasa ta, Baba. Amma a bar ni in ga inda na kuskure."

Ya gwada ta gaba, 1009. Ta shiga sau 1013 cif, babu ragowa. Taku ɗaya ya rage masa ashe! Ya kifa kai ya yi kuka.

Malam ya jawo littattafai uku da yaron ya cika da lissafi, ya daɗe yana buɗawa.

"Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa samun wanda ya faɗi ya dawo neman kuskurensa ba. Turo manyanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Malam ya zo ya sa musu albarka.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya. Ga ta nan, ɗana. Ita kaɗai gare ni."