Ƙunshin da Wasilatu Ta Ƙi Saki

Tasalla aminiyata, in kina cin abinci ki rufe kwanon tukuna, don labarin nan ba ya zama wuri ɗaya da ci.

Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinmu a Kwatano da na Iya Wasila, Bayarabiyar nan mai suyar kifi a bakin titi. 'Yarta Wasilatu a gabana ta girma, yarinya mai kunya da sallah a kan lokaci, kuma aikin kwamfuta ta karanta. Akwai wata babbar manhaja da ake tafiyar da kwamfuta da ita, ba sayenta ake yi ba, ba ta da mai ita. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗa hannu, kowa ya riƙe ɗan ɓangare yana kula da shi. Kowane ɓangare ƙunshi suke ce masa, kuma sunan mai kula da shi yana rubuce a jikinsa, in ya sami matsala shi ake aika wa rahoto. Na Wasilatu aikinsa ɗaya ne: ya riƙa auna sanyin ɗakin ajiyar kifi, in zafi ya fara shiga ya buga wa mai ɗakin waya. Tun tana ɗaliba ta ɗauke shi. Daga baya ta sami aiki a tashar jiragen ruwa, ta zama sai ta fita da duku-duku ta dawo ƙafa na ja.

Wata yamma, rana ta yi ja, an fara shimfiɗa tabarmin magariba, Iya Wasila tana wanke kaskon suya a tsakar gida. Sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi, tim, ya gangaro a hankali ya tsaya daidai ƙafarta. Ta ɗauka dutse ne.

Kan kifi ne. Ya yi kore, ido ya zazzago, tsutsa fari fat tana fita ta baki.

"Wane ɗan iskan ne?" Ta ɗaga murya tana duban katanga. "In uwarka ce ta aiko ka, ka ce mata ni nawa kifin da ransa nake saya!"

Ladan ya tayar da kiran sallah, aka sake jefo wani, aka kuma jefo wani, kuma ba daga titi suke zuwa ba, daga sama suke sauka.

Haka aka shiga yi kowace magariba. A share, a wanke da omo da toka, gobe a wayi gari warin yana nan kamar an binne shi a bango. Ruwan randa ya fara yauƙi. Akasa, agidin nan na masara, in aka naɗe da ganye da safe, kafin azahar a buɗe a tarar tana motsi. Masu sayen kifi suka riƙa zuwa bakin kasko, su ja hanci, su wuce gaba. Ni kaina, Allah Ya yafe mini, sai da na toshe ƙasan ƙofata da tsumma.

Sannan abin ya koma kan Wasilatu. Ta ce zafi take ji, zafin da ba ya jin fanka. Gumin jikinta ya zama mai santsi, ƙudaje kore suna bin ta har kan babur, a wurin aiki aka ce ta je gida ta huta. Ta daina magana, ta daina ci. Takan zauna a kusurwar ɗaki ta jingina kumatunta da siminti, tana lasar bango inda yake da danshi. Wata magariba uwarta ta kai mata koko, ta ɗago kai ta dube ta, sai muryar wani namiji ta fito daga bakinta, mai kauri, kamar ana magana daga cikin rijiya.

"An ce lafiya lau yake aiki."

Kofin ya suɓuce. Iya Wasila ta faɗo ɗakina ba ɗankwali.

"Mama Hausa, ki zo, ba 'yata ba ce a ɗakin can!"

Washegari aka ɗauko Alfa Musiliyu daga garin Ajase, wani malami ɗan tsoho siriri wanda ba ya ɗaga murya. Yana shiga zaure ya tsaya, ya kai hannun riga hanci. Ruwan alwala ma daga gidana aka kawo masa. Da aka idar da magariba ya sa muka riƙe ta, ni da uwarta, ya zauna daga gefen kanta ya fara karatu a hankali. Fatarta a tafin hannuna sanyi da santsi kamar cikin tarwaɗa. Na kau da kai ina ta salati don kada in yi amai a kan karatun Alƙur'ani.

Karatu ya yi nisa, jikinta ya sandare, ta buɗe baki.

"Ya isa, tsoho. Ni ma Musulmi ne, kana ƙona ni a banza."

"Musulmi ne kake jifan gidan mutane da mushe?" in ji Alfa. "Daga ina?"

"Daga bakin tafki. Ƙarƙashin wani ɗakin sanyi muke zaune, ni da iyalina, tun kafin a haifi wannan. Kun ɗauka dukkanmu a juji muke kwana? Wurinmu tsaf yake, da sanyinsa."

"To me yarinya ta yi maka?"

Sai ya kwashe labari, yana yi yana tofar da wani yawu mai kauri a kan zanen gado. Ya ce da aka fitar da sabon zubin babbar manhajar, ƙunshin Wasilatu ya daina buga waya. Mai ɗakin ya lura, ya rubuta rahoto yadda ake rubutawa, ya faɗi irin na'urarsa da abin da ya gani. Shiru. Ya sake rubutawa. Da ta tashi amsawa, layi ɗaya ta rubuta, wai ta gwada a kwamfutarta lafiya lau yake aiki, ta rufe rahoton. Ana nan injin sanyi ya mutu mai ɗaki yana ƙauye wajen biki, waya ba ta yi ƙara ba. Da ya dawo ya buɗe ƙofa, sai ya mayar ya garƙame da kwaɗo, bai sake waiwayar wurin ba.

"Ruwan yana ɗiga ta tsagar siminti," in ji muryar. "A kan shimfiɗarmu. A kan 'ya'yana. Na duba sunan wa ke jikin abin, na zo."

Iya Wasila ta fashe da kuka. "To ni me na yi maka, bawan Allah? Ni ko kunna kwamfutar ban iya ba!"

"Ki yi haƙuri, Iya, ke ma ki ɗan shaƙa."

Alfa ya daka masa tsawa, karo na farko da na ji muryarsa ta tashi. Ya ce wanda aka zalunta ba a ba shi izinin zaluntar wani ba, ya faɗi abin da zai fitar da shi.

"Baƙin rago."

"Ko ƙwai ba za a fasa maka ba."

"Zakara fa?"

"Kai, ka ce kai Musulmi ne. In koma karatu?"

Can mai muryar ya ce to, a wanke masa ɗakin. Sannan yarinya ta zaɓa, ko ta gyara abin ko ta cire sunanta daga jikinsa, don ba zai bar jikin nan ba sunan yana can yana yi wa mutane alƙawarin ƙarya.

Alfa ya ce ya ja gefe a ji ta bakinta. Idanunta suka dawo, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ja numfashi, ta yamutsa fuska don warin kanta.

"'Yata, za ki iya gyarawa?"

"Ba ni da irin na'urar, Alfa. Ba ni da lokaci. Rahotanni sun taru, ko buɗe su tsoro nake ji."

"In mutum ya gaza, yaya kuke yi?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce akwai ƙa'ida. Wanda ya kasa kula da ƙunshi yakan fito fili ya sanar cewa ƙunshin ya zama maraya, ya cire sunansa, don wani ya ɗauki riƙo. Muddin sunanka yana jiki, ba mai taɓawa, kunyarka ake ji.

"To me ya hana ki?"

"Alfa, don Allah nake yi fa. Ko sannu ba a ce mini, sai zagi. Kuma duk cikinsu ni kaɗai ce daga ƙasar nan. In na cire, shi ke nan, kamar ban taɓa yi ba."

"Sunan da ƙuda ke bi?" in ji uwarta tana share majina da gefen zane. "Ni na raɗa miki shi, ni na ce ki cire!"

"Riƙon da kika yi don Allah an rubuta miki," in ji Alfa. "Wanda kike yi yanzu, ki tambayi kanki don wa."

Wasilatu ta ce a miƙo mata kwamfuta. Yatsunta suna barin danshi a kan madannai, tana rubutu tana hawaye. Tana aikawa sai ta dafe ciki ta kelaya wani baƙin amai, har da ƙaya da ɓawon kifi, ita da ba ta sa komai a baki ba. Babban yatsan ƙafarta ta hagu ya karkaɗa, ya tsaya. Ta kwanta ta yi barci.

Wankin ɗakin sanyin nan, Tasalla, ba zan ba ki shi duka ba. An nemo mai shi ya ba da makulli daga nesa, ya ƙi matsowa. Da aka buɗe, ƙasa gaba ɗaya motsi take yi. Kwalaye sun narke sun zama kunu, muna kwasa da shebur, tsutsa tana hawa mana ƙafa. Wasilatu ce a gaba, ba ta yarda kowa ya karɓe ta ba. Zanen da na sa ranar ƙona shi na yi.

Jifa ta tsaya. Ruwan randa ya dawo ruwa, masu sayen kifi suka dawo, ita ma ta koma aiki.

Ba a jima ba, wata yamma ta shigo ɗakina rungume da kwamfuta, ta zauna a bakin gado ba sallama.

"Mama Hausa, an ɗauki marayan."

Na ce alhamdu lillahi, ai abin da ake so ke nan.

Ta girgiza kai. Ta ce irin wannan ƙunshin yakan shekara ba wanda ya kalle shi. Wanda ya ɗauka ba wanda ya san shi, ba gari, ba hoto. Gyaran da ya aiko kuwa tsaf, wani babba a cikinsu ya duba ya sa hannu, har ya yaba. A wurin da ake faɗin yadda aka gwada, cewa ya yi ya gwada da kansa, daga ƙarƙashin ɗakin. Ba ya barin rahoto ya kwana, amma ba ya amsawa sai tsakanin magariba da isha. Kuma tun daga lokacin yana ta ɗaukar wasu marayun, ɗaya bayan ɗaya, mutanen manhajar suna ta sa masa albarka.

Don girman Allah, Tasalla, maganar nan ta tsaya tsakanina da ke, ko maigidanki kada ya ji. In ta kai kunnen mutanen can suka kore shi, ƙunshin zai sake zama ba mai shi, kuma shi ya san hanyar gidan.